Harshena Ya Daina Jin Gishiri

Anti, don Allah ki taimake ni, abin nan yana cin raina kuma na rasa wanda zan faɗa wa.

Shekara goma sha huɗu ina girki a kicin ɗin wata masana'anta, mutum kusan ɗari biyu ke cin abincina kullum da rana. Ban taɓa auna gishiri ba. In ɗiba da hannu in watsa, in ɗiga miya a tafin hannu in lasa, shi ke nan. Akwai abokiyar aikina da komai sai ta auna da cokali, ni na laƙaba mata suna Cokali, yanzu har masu gadi da shi suke kiran ta. Na sha faɗa a gabanta cewa mai auna gishiri ba ta iya girki ba.

To, sati shida ke nan harshena ya yi fari fat, kamar madara ta bushe a kai. Ga zafi, shayi ma da ƙyar nake sha. Na ɗauka datti ne, ni da nake yi wa mutane faɗan tsafta! Kullum da safe sai in kankare shi da cokali, in goga gishiri da lemun tsami. Ya yi ja, wani lokaci har da jini, bayan kwana biyu farin ya dawo. Babban tashin hankalin, na daina jin ɗanɗano. In lasa in ji salam, in ƙara gishiri. Ranar Talata faranti suka yi ta dawowa da rabin abinci, ma'aikata sai ɗirkar ruwa suke. Manaja ya kira ni ofis ya ce karo na uku ke nan, in aka sake zai sauya ni. Na tsaya ina kallon kalandar bangonsa. Tsoro nake in faɗa masa zancen harshen, a ce cuta ce mai yaɗuwa, a raba ni da kicin gaba ɗaya.

Da na nuna wa yayata, cewa ta yi alhakin waɗanda na yi wa kaifin harshe ne. Da wasa ta faɗa, amma sai da na yi kuka. Ban sani ba ko wannan na da amfani, ina da asma, kuma kwanakin baya an sauya mini maganin da nake shaƙa. Anti, ko cutar kansa ce?

Mai girki cikin damuwa

AMSA

'Yar'uwa, sannu, na tausaya miki ƙwarai. Kafin komai, ki daina kankarar nan. Ba datti ba ne, ciwo kike ƙara wa kanki.

Ni ba likita ba ce, kuma ba a duba harshe ta wasiƙa. Amma zancen asmar da kika kusa bari, shi ya fi ɗaukar hankalina. Wasu magungunan shaƙa kan sa wata ƙwayar cuta wadda da ma take zaune a bakin mutane ta yi yawa, harshe ya yi fari, ɗanɗano ya gudu. Ciwon suga ma kan jawo haka. Yawanci magani na kawar da shi cikin 'yan makonni. Kada ki daina shaƙar maganinki, ki dai riƙa kurkure baki ki zubar duk bayan kin shaƙa. Ki je asibiti a satin nan, ki tafi da maganin, ki roƙi a gwada miki suga da jini. Duk fari ko gyambon da ya wuce sati uku a baki dole likita ya gani, kuma shi kaɗai zai iya cire miki fargabar cutar kansa. Ki tambaye shi batun aikin kicin, ya ba ki a rubuce.

Manajanki bai zalunce ki ba. Gishiri ya gani, bai ga harshenki ba. Ki kai masa takardar, ki nemi 'yan makonni. Mai rashin lafiya ta fi mai sakaci samun uzuri.

Yayarki kuwa, alhaki ba ya fitowa fari a harshe. Amma tunda zolayarta ta sa ki kuka, akwai abin da ta taɓa. Gobe, kafin a ɗora tukunya, ki je wurin abokiyar aikin nan, ki faɗa mata gaskiya, ki roƙe ta ta auna miki gishirin ta kuma ɗanɗana. In za ki kira ta, ki kira ta da sunan da iyayenta suka sa mata.

Allah ya ba ki lafiya, ya bar miki aikinki.