Tukunyar da kika buɗe a gaban jama'a

Zuwa ga Fasuma, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ki gaida mini Hajiya, Allah ya ƙara mata sauƙin ƙafa. Na san mutane za su karanta wannan wasiƙa kafin ta iso gare ki, kuma ban damu ba. Sunan yarinyar da zan yi magana a kanta kaɗai na canza, zan kira ta Shafa, don ni har yau ban iya abin da kika iya ba.

Kin tuna zuwanmu Matameye? Mun gama karatun halayyar ɗan'adam a jami'a, muna jin kanmu, aka rasa inda za a kai mu, sai aka turo mu kwalej mu taimaka wa malamai. Mushe, wato malamin aji, bai zo ba, mu riƙe aji. Yara sun makara, mu tsare ƙofa. Darakta in ya gan mu sai ya ce ga masu karatun zuciya nan, a ba su tsintsiya. Mu yi dariya, mu koma ɗakinmu guda mu ci garin rogo da ƙuli.

A shekarar ne ruwa ya ɗauke gero yana iya gwiwa, sojoji kuma suka karɓi mulki. Maza suka watse cin rani tun kaka ba ta ƙare ba, wasu Kano, wasu can kudu, suka bar mata da rumbu wayam. Yara suka fara barci a aji. Ke kika ce tunda ba mu da hatsin ba su, mu ba su kunne. Muka ja benci ƙarƙashin dogon yaron bayan ofis, duk wanda ya zauna mu ce masa abin da ya faɗa a nan, a nan zai tsaya. Ke ce ma mai ƙarawa da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Shafa 'yar aji uku ce, ba mai kama ƙafarta a lissafi. Ta daɗe tana zuwa ta zauna kusa da ni tana zane a ƙasa da tsinke, ni kuma ban matsa mata ba. Ranar da ta buɗe baki sai da ta riƙe wuyan hannuna ta sa na rantse. Babanta yana Kano, aike ya yanke. Kullum da la'asar innarta takan ɗora sanwa, ruwa zalla, ta hura kara hayaƙi ya tashi, ta yi ta buga taɓarya a turmin da ba komai ciki sai ɗan dusa, don maƙwabta su ce gidan ma an yi girki. In ruwan ya tafasa a sauke, kowa ya nemi tabarma. Yunwar ba ita ce ta sa Shafa kuka ba. Tsoronta kar a sani.

Na gaya miki, kuma ba gulma na yi ba. Haka aka koya mana: mai sauraro ba ya ɗaukar kaya shi kaɗai, sai ya sami abokin aiki ya sauke masa, maganar kuma ta mutu tsakaninsu. Ni ke gare ni. Kika yi hawaye har kina share hanci da bakin zane. Tare muka shirya dabarar kai gero ta hannun gwaggonta, a ce aike ne daga Kano, kuma mun fara.

Sai ga ranar da sojan da aka ba riƙon gundumarmu ta Kance ya zo da baƙi, mutanen wata ƙungiyar agaji. Aka jera yara a rana. Darakta ya tura ki gaba don faransancinki ya fi na kowa daɗi. Kika fara da fari, kika gangaro kan yara, sai na ji tukunya, na ji turmi. Na ce a raina ai ba ta kama suna ba. Wata daga cikin baƙin har da cire tabarau. Sojan ya tambaya ko yarinyar tana nan.

Fasuma, ina kallon hannunki. Da kin ce ba ta zo ba, wa zai ƙaryata ki? Kika waiwaya, kika nuna ta. Ita kuwa ba ke ta kalla ba, ni ta kalla.

Motar sojoji ta bi ta har ƙofar gida, yara na gudu a baya. Aka sauke buhuna unguwa duk ta fito, aka ɗauki hoto. Kafin sati sunanta a lakwal, a bakin 'yan makaranta, ya koma Sanwa. Labari ya riga kowa zuwa Kano, 'yan garinsu masu cin rani suka kai wa uban cewa matarsa ruwa take dafawa. Ya dawo ya cire ta daga makaranta, ya ce ba boko aka koya mata ba, tonon asiri aka koya mata. Na je gidan, aka bar ni tsaye a zaure, innarta ta aiko a ce mini ba ta nan.

Na san abin da za ki ce, sun ci abinci. Gaskiya ne, sun ci, kuma ba zan raina buhun hatsi a shekara irin wannan ba. Amma matar nan ta zaɓi ta kwana da yunwa da ta kwana da kunya, kuma ba ni ba ke ba mai ikon canza mata zaɓi. Tsakani da Allah ma, ba don ita kika yi ba. Kafin damina ta faɗi kin naɗe katifarki kin bi motar baƙin nan, sun ba ki aiki. Ko ki ce mini yi haƙuri. Kin ci amanata, kin sa na ci ta yarinya ban sani ba.

Bencin nan ba wanda ya ƙara zama a kai, daga baya mai gadi ya ɗauke. Wani lokaci nakan ji ki a rediyo kina bayanin yadda ake sauraron yara, wallahi kin iya. Abin haushin, muryar na nan yadda na san ta, wadda ta yi ta lallashina a Yamai lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni, kina ba ni kunu a cokali kina tsokanata da raguwa. Ina kewarki, ƙawata, haushin kaina ma nake ji da nake kewarki. Tun tafiyarki ban sake sauke wa kowa kayan zuciyata ba.

Ina nan inda kika bar ni, sojoji sun tafi sun dawo, ni ina tsaron ƙofa. Da aka koma makaranta bana, wata mata ta kawo 'yarta ajin farko. Tun daga nesa na gane tafiyar. Shafa ce. Ta gaishe ni da ladabi, Madam ina kwana, ina gajiya, ba fushi a fuskarta ko kaɗan. Sannan ta sunkuya tana gyara wa yarinyar hijabi, ba ta ko rage murya ba, ta ce: “Ki gaishe ta kullum, ki yi mata biyayya. Amma ko ciwon kai kike yi, kar ki gaya mata.”

Yarinyar tana bin maganar uwarta. Kowace safiya takan durƙusa ta gaishe ni, ta wuce.

Na so in ce Allah ya isa, bakina ya ƙi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya miki zuri'a, ya haɗa 'ya'yanki da masu riƙe amana. Allah ya rufa miki asiri, Fasuma, duniya da lahira.

Taki,
Zuwaira
Matameye