Baba Ya Yi Cinikin Mota Irin na Kara

Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zaman Legas? Ina fatan kai da Anti Hadiza da yara kuna lafiya. Mu nan Ƙofar Rini sai godiya.

Albishirinka! Mun sayi mota! Da Baba munka tafi. Na tambayi dillali garantin inji, sai ya ce wai garanti na Allah ne. Raina ya ɓaci, har na juya. Baba ya riƙe ni, ya ce masa, "Yaro, mu ma da Allah munka dogara, amma a kara wurin cinikin shanu, in an sayi sa ya kwana da ciwon da anka ɓoye, maido shi ake yi." Dillali ya yi dariya, ya yarda in inji ko giya sunka ba da matsala kafin Babbar Salla, gyara nasa ne.

Munka zagaya da motar cikin tsakar rana, inji bai yi zafi ba ko kaɗan. Yanzu Inna ta daina hawan kabu-kabu zuwa asibiti.

A sa mu a addu'a. Gaishe da kowa. Baba ya ce ka zo ka ga sabuwar sanuwarsa mai taya huɗu.

Ƙanenka,
Nasiru