Rasuwar Efo Gershon Dzokoto da Ƙaho na Biyar da Bai Rubuta Ba

Cikin alhini da sallamawa ga nufin Ubangiji, Ƙungiyar Mabusa Ƙaho ta Majami'un Yankin Kpando ta samu labarin rasuwar shugabanta na farko kuma malaminta, Dattijon Ikilisiya Gershon Komla Dzokoto, wanda babba da yaro ke kira Efo Gershon. Ya rasu da hantsin Laraba a gidansa, yana da shekara saba'in da shida, bayan gajeriyar rashin lafiya.

Marigayin ya shafe shekara arba'in da ɗaya yana busa tuba, babban ƙahon nan mai zurfin murya, a wajen sujada da ɗaurin aure da rakiyar gawa, kuma da wuya a sami mabushi a yankin nan da bai bi ta hannunsa ba. Tsawon shekarun nan abokin aikinsa shi ne makaɗin ogan (kayan kiɗan coci mai kama da fiyano) na Majami'ar Betel, marigayi Efo Erasmus Yao Adzraku. Kowace Alhamis da la'asar sukan yi gwaji su biyu, sannan su wuce gidan Erasmus cin akple, wato tuwon masara. Erasmus kan ce ƙahon abokinsa saniya ce da aka raba da ɗanta, shi kuma ya rama da cewa ogan ɗin tsohuwa ce mai ciwon fuka.

Bayan rasuwar Erasmus a Nuwamban bara, Efo Gershon, wanda matarsa ta riga shi rasuwa da shekara tara, 'ya'yansa kuma suna birnin Tema, bai fasa zuwa majami'a ranar Alhamis ba. Yakan zauna shi kaɗai a gefen ogan ɗin da ke rufe ya yi ta busa. A wannan zama ya tsara kiɗan ƙaho biyar don tunawa da abokinsa, aka kuma tsayar da Lahadin farko ta Nuwamba mai zuwa don busa shi karon farko.

Ya rubuta rabon ƙaho huɗu da hannunsa ya raba wa mabusa. Na biyar, wato na tuba, ya ƙi rubutawa. Da ƙungiya ta matsa masa, ya ce wannan rabon shi ne abin da hannun hagun Erasmus yake kaɗawa a kan ogan, kuma Erasmus bai taɓa kaɗa shi iri ɗaya sau biyu ba, don haka ba zai ɗaure shi a takarda ba. Ko a gwaji da sauran huɗun bai busa shi ba, ya ce sai ranar ta zo.

Babbar 'yarsa, Uwargida Dzifa Amenu, ta nemi a busa kiɗan a jana'izarsa, wadda iyali za su sanar da ranarta. Ƙungiya ta amince, ta kuma yanke shawarar ba wanda zai ƙirƙiro abin da marigayin bai bari ba. Muddin ba a samo rabon nasa ba, mutum huɗu za su busa, a ajiye tubarsa a kujera ta biyar.

Muna miƙa ta'aziyya ga Uwargida Dzifa da ƙannenta, da dangin Dzokoto, da Mai Girma Fasto da ikilisiyar Betel, da kuma Mama Akofa Adzraku, matar Erasmus, wadda ta ci gaba da ajiye wa Efo Gershon kwanonsa duk Alhamis. Ubangiji ya ba su ƙarfin zuciya, ya ba bawansa hutu.

Mai kula da majami'a, Mista Prosper Gbedze, ya shaida mana cewa wata Alhamis a watan Yuli ya naɗi busar marigayin a wayarsa daga bayan ƙofa, ba da saninsa ba. Ana fatan rabon na biyar yana cikin abin da ya naɗa, sai dai wayar ta lalace, tana wurin mai gyara a garin Ho. Zuwa lokacin fitar da wannan sanarwa, ba a tabbatar ko muryar tana ciki ba.

Nutifafa Kwasi Ametepe
Jami'in Hulɗa da Jama'a
Ƙungiyar Mabusa Ƙaho ta Majami'un Yankin Kpando