Suna so in zama ladan, ni kuwa sallar ma tana kufce min

Assalamu alaikum 'yan wannan gida. Admin ka ɓoye sunana, garinmu kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, amma wanda zai ce min "ka ji tsoron Allah" kawai ya riƙe abinsa, na sha ji.

Ni manomi ne a Birnin Gwari, na haura arba'in, boko ban gama ba, allo ma ban sauke ba. Bara da damina 'yan bindiga suka kwashe mu a hanyar gona wajen Tsohon Birni, ciki har da ladanin masallacin unguwarmu, dattijo ne, Baba Ladan muke ce masa. Tun ina yaro ban taɓa ganin an ta da sahu babu shi ba. Ni kuwa sallata ta ganin dama ce, yau a yi, gobe a haɗa azahar da la'asar.

Amma a dajin nan ko ɗaya ban saki ba. Ƙafa a ɗaure, taimama nake da ƙasar gindin bishiya, ina kuka ina yi wa Allah alkawarin in Ya fid da ni na daina wasa da salla har abada. Su ma masu tsaronmu suna salla, abin da ke ci min rai ke nan har yau. Mutum ya gama zane ka da kebur, ya jingine bindiga ya yi alwala da ruwan da ya hana ka sha. Baba ne ke kiran salla. Da zazzaɓi ya kwantar da shi ya ce in karɓe shi, na ce ni ba zan kira wa azzalumai ba, ya ce min ɗana tashi ka kira, ai ba don su ake yi ba. Na tashi na kira. Haka na ci gaba har ya rasu a gefena, daga baya ni aka sako ni.

Watan farko da dawowata kullum ina sahun gaba. Daga nan abu ya fara zamewa. Ina ɗaga hannu zan yi kabbara sai in ji warin hayaƙin ɗanyen itace, in ji tarin Baba a bayana, in waiwaya babu kowa. Amma kar in ɗora wa daji laifin duka. Wata rana ba tsoro ba ne, lalaci ne tsagwaronsa, ina jin an tayar da salla ina kan bencin mai shayi ina surutun farashin taki. Da muka yi faɗa da matata ta ce wanda ya cancanci fitowa shi aka baro a can. Na daina yi mata magana, don kafin ta faɗa ni na riga na faɗa wa kaina. Da salla ce ke fid da mutum da Baba ne zai fito. Rahama ce kawai aka yi min, ni kuma na kishingiɗa a kanta ina ta saɓo.

To, wani da aka sako mu tare ya ba Liman labarin kiran da na riƙa yi a daji. Shekaranjiya Liman ya zo da dattawa har ƙofar gidana, suka ce tunda Baba da bakinsa ya miƙa min, ni zan gaje shi. Inna matar Baba ma ta aiko min da carbinsa, ta ce so take ta ji muryar da mijinta ya ji ta ƙarshe. Su gani suke gona ce ke hana ni jam'i. Ranar Juma'a suke jiran amsa.

Jama'a ya zan yi? In karɓa, ko Allah Ya sa kiran ya riƙa jan ƙafata zuwa masallaci ko ban so ba? Ko in je in gaya wa Liman gaskiya, har ta kai kunnen Inna cewa wanda mijinta ya bar wa kiran, jiya ma bai yi la'asar ba?