Bangon da ka sa aka shafe

Zuwa ga ƙanena, Autan Mama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka da yaran nan biyu, Ya ba ka kwanciyar hankali a gida da wurin aiki. Mu nan sai godiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, tana takawa har bakin ƙofa ba sanda, hawan jinin ne dai yake hawa yana sauka yadda ya ga dama. Maigidana yana can ƙauyen da aka tura shi koyarwa, sai ƙarshen mako muke ganin sa. Kawu ya warke daga aikin idon da aka yi masa, ranar da aka cire masa auduga ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce ashe duk mun tsufa ba wanda ya gaya masa.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali shekaranjiya muka yi waya. Dalili shi ne duk sanda ka kira Mama tana gefena, kunnenta kusan a kan wayar, ni kuma ba na iya faɗin abin da ke raina a gabanta. Ka ce ƙarshen watan nan za ka miƙa takardar ajiye aiki a kamfanin da kake gyara wa firiji da na'urorin sanyi, ka kwaso iyalinka ka dawo gida ka buɗe shagon kanka, tunda nan komai da araha. Saura kwana goma sha biyu ke nan. Don girman Allah kada ka miƙa takardar nan sai ka karanta tawa har ƙarshe. Direban motar kayan da ke layinmu zan ba, ya yi mini alkawarin hannu da hannu zai ba ka.

Bari in fara da bangon gidanmu, na gefen lungu, wanda ka tashi ka gani bulo tsirara ba shafe. Muna yara aka ce mana siminti ne ya ƙare wa Baba, Allah Ya ji ƙansa. To ba siminti ba ne. A wurin hukumar gundumarmu, gidan da aka shafe bangonsa huɗu aka yi fenti, shi ne gamammen gida, harajinsa cikakke. Wanda ya rage ko bango ɗaya ne, ana rubuta shi a gidan da ake kan ginawa, kashi ɗaya cikin uku yake biya. Shi ya sa Baba ya bar bangon nan shekara ashirin da shida. Ka tuno layinmu da kyau, gidan mai chemis, gidan tsohon direba, gidan mai sayar da itace, kowanne akwai gefen da aka bari. Kowa ya sani, har su masu karɓar harajin sun sani, ba dai wanda yake faɗa da baki. Kai ka bar gida kana ɗan shekara sha bakwai, ba ka taɓa riƙe takardar haraji a hannunka ba. Duk sanda na tura maka hoto ka ce bangon nan yana ba ka kunya, ni kuma sai in yi dariya in ce wata rana za a yi.

Sai ga shi ka yi mana bazata. Kwana huɗun da muka yi da Mama a babban asibiti kan ƙafarta, ka kira Dogo magini, ka tura masa kuɗi ta waya, ka ce a shafe a yi fenti kafin mu dawo, don Mama ta ji daɗi, kai ma ka dawo ka tarar da gida kammalalle. Gidan a kulle yake, amma bangon a waje yake, Dogo bai buƙaci makulli ba. Maƙwabta suna kallon sa a kan tsani, kowa ya ɗauka da sanina. Da muka sauko daga mota na hango shi fari tas tun daga bakin layi, wallahi nan take na san abin da zai biyo baya. Mama kuwa ta tsaya tana shafa shi da tafin hannu, tana sa maka albarka. Ba zan ɓoye maka ba, ya yi kyau. Har ni sai da na tsaya na kalla.

Ba a yi mako biyu ba mai awon gidaje ya zo, wanda yaran gari suke kira Mai Tef. Mutum ne mai ladabi, ya gaishe da Mama har ƙasa, ya sha ruwa, sannan ya zagaya gidan ya rubuta abin da ya rubuta. Ya ce mini shi ba ya son haka, amma bango fari a bakin hanya ba abin da zai ce bai gani ba ne, in ya yi shiru shugabansa zai wuce ya gani. Takarda ta zo, harajin gidanmu ya ninka uku, daga bana har illa ma sha Allah. Abin da nake samu a keken ɗinki wata biyu cur, shi ne kuɗin. Kuma da yake ya shigo layin da tef a hannu, sai ya bi sauran gidajen ya sake awo, ya gano ɗakin da tsohon direba ya ƙara a baya shekara biyar ba a rubuta ba. Yau kwana tara matarsa ba ta amsa gaisuwata da kyau. Na je na sami Dogo a fusace, na tambaye shi ko shi ma baƙo ne a garin nan. Ya sunkuyar da kai ya ce ya sani sarai, amma wata huɗu rabonsa da ya ɗora bulo a kan bulo, yaransa shida, da ya ga kuɗi a waya bai iya cewa a'a ba. Na je ne in zazzaga masa, amma da na ji haka sai na juyo gida.

Kada ka ɗauka faɗa nake yi maka. Da farko na yi fushi da kai, har na ce wa maigidana Auta ya zauna can yana gyara mana rayuwa da waya. Shi ya tambaye ni, a hankali yadda ya saba, ko na taɓa gaya maka dalilin bangon. Ban taɓa ba. Da na zauna na yi tunani, sai na ga ba bangon kaɗai ba ne. Shekara goma sha huɗu ke nan kana tambaya ta ya gida, ina cewa lafiya lau. A gidanmu haka muka tashi, wanda yake nesa ba a ɗora masa damuwa, sai labari mai daɗi. Ka ce hayar ɗaki biyu ta cinye maka rabin albashi, na ce nan da wannan kuɗin sai ka kama gida sukutum har da fili. Ka ce kayan miya sun yi tsada, na ce nan maƙwabta ke miƙo mana ta kan katanga. Duk gaskiya ne, ban yi maka ƙarya ba, rabi dai na riƙa ba ka. Ni na zana maka garin da kake shirin ajiye aikinka dominsa, kuma abin yana damu na ƙwarai.

Ga ɗaya rabin. Haya tana da araha a nan saboda ba mai kuɗin biyan ta. Albasa da tumatir suna da araha ranar kasuwa saboda manomin da ya kawo ba shi da inda zai ajiye su, gara ya karyar da ya koma da su. Amma duk abin da mota ta kawo, sabulu, sukari, maganin Mama, zaren da nake ɗinki da shi, ya fi naku tsada, don sai an ɗora masa kuɗin hanya. Zuwa wurin likitan ƙashi tafiyar awa uku ce, kuma hanyar ka san ta, ba ta canza ba sai ramuka da suka ƙaru. Ni da ake cewa ina da sana'a, cikin kaya goma da ake kawo mini bakwai faci ne da canjin zif da rage wuyan riga don ƙane ya gaji yayansa. Sabon ɗinki sai an girbe amfanin gona, wata biyu ana rububi, sauran watannin ina zaune ina kaɗa ƙuda. A hakan ina biyan kuɗin lasin shago, da na shara da ban taɓa ganin motarta ba, a da ma har da na allon da na rataya a ƙofa. Allon ma na cire shi bara, tunda ba wanda bai san inda nake ba.

Sai maganar shagonka. Ka san ni da naci, da ka faɗa sai na bi gari ina ƙirga firiji. Na tambayi mai chemis, na tambayi mai shagon lemo, na leƙa gidajen da nake kai ɗinki. Goma sha tara na samu. Shida a ciki an mai da su kabad, ana ajiye kwanuka da takardun makarantar yara, don wuta sai ta yi kwana uku ba ta leƙo ba. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa biyu ce a garin kaf, ɗaya a ofishin shugaban gunduma, ɗayar a gidansa. To Auta, firiji goma sha uku ne za su ciyar da kai da mata da yara biyu? Ko kullum addu'a za mu riƙa yi su lalace? Mai gyaran rediyon da ka sani a bakin tasha ya rufe tun bara waccan, yanzu yana ɗaukar kaya a babur. Albashinka da kake rainawa, wanda yake shigowa ranar da aka ce zai shigo, mutum uku ne a layinmu suke da irinsa, kuma biyu 'yan fansho ne.

Ba ina kushe garinmu ba ne. Ni nan zan zauna, nan nake son a binne ni. Da safe ina buɗe shago iska tana shigowa daga gonaki, ba hayaniya, ba wanda yake ture ni a hanya. Ranar da Mama ta faɗi, kafin in iso mutum biyar sun riga ni, har an samo mota. Ba a kwana da yunwa a layinmu in dai wani ya sani. Wannan duk akwai shi, kuma na san shi kake kewa idan ka dawo daga aiki ka rufe ƙofa ba wanda ya san sunanka a benen da kake haya. Amma na lura wurin nan yana yi wa mutum daɗi ne in kuɗinsa daga wani wuri suke zuwa. Mu kanmu abin da kake turowa duk wata shi yake sayen maganin Mama, ban taɓa faɗa maka haka ƙarara ba. Idan ka dawo, wannan ya tsaya, ga baki huɗu sun ƙaru, ga harajin da ya ninka.

Abu ɗaya nake so ka yi mini. Tunda ni na riƙa ba ka rabi, ina zargin kai ma rabi kake ba ni, don jini ɗaya ne. In akwai abin da yake koro ka daga can wanda ba ka faɗa ba, ko an takura maka a wurin aiki, ko jikinka ne, ko tsakaninka da matarka, ka rubuto mini shi yadda yake. In haka ne ka taho ko gobe, ɗakinka yana nan, abin da muka samu mu ci tare, ba wanda zai ce maka don me. Amma in lissafin araha ne kawai, lissafin nan nawa ne, kuma ban yi shi daidai ba. Ka riƙe aikinka. Ka nemi hutu ka zo ka yi mana wata guda, ka zaga da ƙafarka, ka zauna da Dogo da mai gyaran rediyo, sannan ka yanke shawara da idonka. Harajin kuma kada ya hana ka barci, mun yi magana da maigidana, za mu san yadda muka yi.

Na so in aika takardar nan ba da sanin Mama ba, don tun da ka faɗi maganar dawowa take gaya wa duk wanda ya shigo cewa Autanta yana hanya. Jiya da hantsi ina rubutu a kan teburin yanka, ta shigo shagon ta zauna a kujerar masu jira. Can ta tambaye ni ko kai nake rubuta wa. Na ce e. Ta ce ita ba yarinya ba ce, ta san kuɗin maganinta, ta san abin da keke yake kawowa, kuma tun ranar da ta shafa bangon nan ta san Mai Tef zai zo, ta yi shiru ne don abin daga hannunka ya fito. Ta ce in gaya maka ka zauna inda abincinka yake, ita ta yafe, muryarka a waya ta ishe ta. Daga nan ta juya fuska wajen ƙofa, ta ja bakin mayafinta. Da za ta tashi ta ce kada in kuskura in rubuta maka cewa ta yi kuka. Ta yi, Auta, ta daɗe tana yi, ni ma na taya ta.

Ka gaishe mini da matarka da kyau, ka ce mata na gode da haƙurin da take yi da ƙanena mai taurin kai. Ka shafa mini kan babban yaron da 'yar ƙaramar, ka ce Gwaggonsu tana nan tana jiran awon jikinsu. Kawu yana gaishe ka, maigidana ma haka, Dogo ya ce in roƙa masa gafara a wurinka. Mama tana sa maka albarka. Idan ka kira ranar Juma'a kada ka nuna mata ka san ta yi kuka, ka dai daɗe kuna hira.

Allah Ya tsare mini kai, Ya zaɓa maka abin da ya fi alheri.

Taka har kullum,
Yayarka