Sakatar Motar Sadiku

Daren Laraba, Gyadi-Gyadi

Ƙulin ƙulifita, ke takarda, tunda yau babu mai ce min gauta. Mene ne aka sa shi don ya tsare ka, da ya tsufa ya fara riƙe ka, kai kuma ka shiga neman yadda za ka rabu da shi?

Jar motar nan ta jikana Sadiku, mai ƙofa biyu, mai jan ciki kamar ƙadangare, ta sake ƙin tashi. Sitiyarin ya kulle kansa. Bakanikensa na Tarauni ya ce ko a jira sabuwar sakata daga Legas, ko a haɗa waya a yi wa motar ƙarya, ta ɗauka a buɗe take. Na ce wa Sadiku to tsohon ƙarfen sakatar fa? Wai yana nan ciki. Na ce in ya faɗa ya kulle sitiyarin kana tsakiyar titi fa? Ya ce, "Amarya, ba ki san mota ba."

Ban san mota ba, amma wanda aka yi wa ƙarya yakan rama. Kuma jibi yake son zuwa Kaduna da ita.

Da ya shiga alwala na ɗauke makullin, na ƙulle a haɓar zanina. Na ce, "Ango, yau ni na sa ka a kulle." Bai yi dariya ba. Ya ce, "Hajiya, don Allah ki ba ni."

Hajiya! Tun da ya iya magana bai taɓa kirana haka ba. Na hana shi. Ya fita a ƙafa, tuwonsa na nan a rufe, ya huce.

Babu mai ba ni gari, bari in faɗa. Sakatar sitiyari ce.