Barkonon Inna

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara wa Baba sauƙin gwiwarsa, ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Mu nan lafiya lau, sai kewa. Maigida yana kan hanya kamar kullum, motar kayan nan ta fi ni ganinsa.

Yaya, har yau ina tuna ranar da kika raka ni tasha. Mota na shirin tashi kika miƙo min ƙullin leda ta taga, kika ce irin barkonon Inna ne, na ƙarshe, wanda kika tsinko kafin waɗanda suka sayi gidanmu su zuba siminti a bayan ɗakinta. Kika ce kajinki da 'ya'yanki ba za su bar shi ya girma ba, ni kuwa ina da lokaci. Tun daga ranar na daina kwana da labarin wasu a kaina, na samu nawa. Duk tsawon hanya tsara shi nake yi: baranda ta cika da ja, maigida ya dawo ya same ni ina ban ruwa, ya ɗanɗana miya ya tambaye ni wane irin barkono ne wannan mai ƙamshi, ni kuma in ba shi labarin Inna.

A littattafan da nake karantawa, mace kan shuka abu a shafi ɗaya, a shafi na gaba ya yi fure. Babu wanda ya taɓa rubuta cewa sai an huda gindin tukunya. Na zaɓi kwano mafi kyau a ɗakina, mai zanen shuɗi, na zuba ƙasa, na juye irin gaba ɗaya, ban rage ko ƙwaya ba. Safe ruwa, rana ruwa, yamma ruwa, kuma duk babin da ya sa ni kuka sai in tashi in ƙara musu. Sun fito, Yaya, kore shar, sai kuma suka riƙa kwantawa ɗaya bayan ɗaya. Matar tela da ke ƙasanmu ta hawo karɓar dutsen guga, ta tsoma yatsa a kwanon, ta tambaye ni ko barkono nake nomawa ko kifi nake kiwo. Ita ta kawo tsohon bokiti, muka huda shi da ƙusa, muka mayar da guda ɗayan da ya rage cikinsa.

Wannan ɗayan ya yi ƙoƙari. Ya kai tsawon hannuna, ya fitar da fararen furanni ƙanana. Da na gan su sai tsoro ya kama ni. Barandarmu iska gare ta, ga tsuntsaye, ga ƙwari suna ta sauka a kai. Sai na ɗauke shi na shigar da shi uwar ɗaka, kusa da gado inda nake karatu, na rufe taga, na saki labule. Maigida da ya dawo ya yi dariya, ya ce ɗan lelena ya samu gefen gado shi kuma yana kwana a kujerar mota. Furannin suka zube duka a kan tayil, na share su da hannuna. Daga baya matar tela ta ce ai iskar da ƙwarin da na kora su ne suke sa ya yi 'ya'ya, rana kuma ita ce abincinsa.

Na mayar da shi baranda, amma benen da ake ginawa a gabanmu ya riga ya tare rana, sai 'yar kaɗan da hantsi. Ganyen ƙasa sun yi rawaya sun faɗi, na sama sun nannaɗe. Kullum da safe nakan leƙa ko zan ga sabon toho, ba na ganin komai. Inna ba ta taɓa lallaɓa shi ba, ruwan wanke-wanke kawai take watsa masa ta wuce, amma har maƙwabta suna tsinka. Ni na ba shi duk abin da nake da shi, ga inda muka tsaya. Littafin da ke hannuna ma na kasa ƙarasa shi, don na san yadda zai ƙare, kuma na daina yarda.

Ki gaishe min da Baba, amma kada ki faɗa masa halin da barkonon yake ciki tukuna. Ki gaishe da Gwaggo da Kawu, da maigidanki, da 'yan biyunki, da ƙaramar mai sunan Inna.

Ban sani ba ko barkonon zai jure zafin mota da nisan hanya. Wataƙila sanda kawai za ta iso miki a bokiti. Amma a wurina na tabbata mutuwa zai yi, a wurinki kuwa akwai rana. Ki nemi tsohon kwando ki kife masa saboda kaji. Na yanke shawara: ranar da maigida zai bi ta wajenku da kaya, zan ba shi barkonon ya kawo miki.

Ƙanwarki,
Auta